Yadda ake gina ƙaramin dam na ƙasa a gona, ya riƙe ruwa har ƙarshen bazara

Duk wanda ya taɓa haƙa bohol a yankin Dukku, Kwami ko yammacin Akko ya san zurfin da ruwa yake da shi a can, ya kuma san abin da hakan ke yi wa aljihu. A ɓangaren Bauchi, inda dutse ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, matsalar daban ce: za a iya samun ruwa ba nisa, amma kaɗan ne, ya ishi gida, ba zai shayar da garke da lambu ba. Alhali kowace damina ruwa mai tarin yawa yana bi ta kwarin gonakinmu ya wuce, wani ya faɗa Gongola, wani ya ƙare a yashi. Garin Bauchi da dam ɗin Gubi yake sha, Gombe kuma da Dadin Kowa da aka kammala a 1984. Abin da gwamnati ta yi babba, mai gona zai iya yin ƙaraminsa, matuƙar tsayin bangon bai wuce mita 5 ba. In ya wuce haka ya fita daga wannan bayanin, ya koma aikin kamfani da injiniyoyi tun daga farko har ƙarshe.

Tara ƙasa a tare kwari ba wuya, katafila za ta gama cikin mako guda. Abin da ke sa dam ya rayu ko ya ɓalle yawanci ba a ganinsa bayan an gama aiki: ramin da ke ƙarƙashin bango, yadda aka danne ƙasar, da hanyar da rarar ruwa za ta fita. Nan ya kamata kuɗinka da idonka su fi zama.

Fara da lissafin ruwan da kake bukata

Kubik ɗaya na ruwa, wato cikin akwatin da tsawonsa, faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne, lita 1,000 ne: ganga 5, ko jarka 40 ta lita 25. Rani a nan yakan ɗauki kusan wata 7, a ce kwana 210. Saniya tana shan kimanin lita 40 a rana in zafi ya yi, don haka shanu 100 za su sha kubik 840. Mutum 50, kowa lita 30, kubik 315 ke nan. Lambu ne mai cin ruwa: rabin hekta na tumatir, albasa ko tattasai zai lashe kubik 3,000 zuwa 4,000 a noman rani ɗaya. Jimla dai kimanin 5,000 ce.

Sai dai ba kai kaɗai za ka sha ba, rana da iskar hunturu su ma suna da rabonsu. Daga Nuwamba zuwa Mayu ruwan da ke buɗe yana iya sauka fiye da mita ɗaya ko da ba wanda ya ɗebi ko kofi, ban da wanda ƙasa ke tsotsewa. Shi ya sa ake ninka bukata sau biyu zuwa uku, mai neman 5,000 ya nemi wurin da zai riƙe 12,000 zuwa 15,000. Shi ya sa kuma zurfi ya fi faɗi amfani. Tafki mai faɗi wanda zurfinsa mita ɗaya da rabi ne yana da kyan gani a Oktoba, a Maris kuwa tsagaggen taɓo za ka tarar. Nemi zurfin ruwa mita 3 zuwa 4 a gindin bango.

Zaɓen wuri

A damina ake zaɓen wuri, ba a rani ba. Ka je kwarin a watan Agusta bayan ruwa mai ƙarfi ka ga yadda yake gudu. Duba inda ciyawa, kara da leda suka maƙale a jikin itatuwa, ka kafa turaku a nan, don shi ne iyakar cikar ruwa ta bana. Sannan ka tambayi dattawan wurin iyakar da suka taɓa gani a shekarar da aka fi yin ruwa, domin ita dam ɗinka zai fuskanta wata rana.

Wurin da ake so shi ne inda kwari ya tsuke tsakanin tudu biyu, bayansa kuma ya buɗe, gangaren bai yi tsanani ba. Gajeren bango, ruwa mai yawa. Ana ƙiyasta ruwan da zai taru da haka: faɗin kwari a wurin bango, sau zurfi, sau nisan da ruwa zai koma baya, a raba da 6. Faɗi mita 80, zurfi 4, nisa 300, ya ba da kubik 16,000. Don gane inda ruwa zai kai, dogon tiyo mai haske da magina ke cika wa ruwa su daidaita gini ya isa a fara da shi, daga baya a kira safiyo ya tabbatar.

Sai filin da ke zubo wa kwarin ruwa. Ana iya auna shi a waya da Google Earth. Ruwan sama a yawancin Bauchi da Gombe yana kaiwa milimita 800 zuwa 1,000 a shekara, kudu ta fi arewa samu. In ka ɗauka kashi 10 cikin 100 ne ke gangarowa, kowace hekta za ta ba ka kubik 800 zuwa 1,000, ke nan hekta 30 zuwa 50 sun cika dam irin wanda muka lissafa har da rara. Kada girman rafi ya ruɗe ka. Rafin da ke kwaso ruwa daga ƙauyuka da yawa zai kawo maka ambaliyar da ta fi ƙarfin bangonka, ya kuma cika maka dam da yashi cikin ƴan shekaru. Ƙaramar ƙorama ta fi rufin asiri. Kwazazzabon da har yanzu yake zaizayewa ma a bar shi.

Sharaɗi na ƙarshe ba ya da sassauci: kada a samu gida, makaranta, kasuwa ko titi a ƙasan dam, a hanyar da ruwa zai bi in ya ɓalle. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba, na Maiduguri kuma da ta dam ɗin Alau a Satumbar 2024. Naka ƙarami ne, amma kubik 15,000 da suka fito lokaci ɗaya da daddare sun isa su rushe gidan ƙasa da mutane a ciki.

Gwajin ƙasa

Haƙa ramuka uku zuwa biyar a kan layin bango, wasu kuma a cikin kwarin da ruwa zai kwanta, kowanne zurfin mita 2 ko sai ka tarar da ƙasa mai tauri. Kana neman laka mai gauraye da ɗan yashi da tsakuwa. Ɗebi dunƙule ka jiƙa, ka murza shi a tafin hannu ya yi tsawo kamar kaurin fensir, ka lanƙwasa. In ya lanƙwasu ya kusa haɗewa bai karye ba, akwai laka isasshiya. In ya marmashe tun kafin ya miƙe, yashi ya yi yawa. Gwaji na biyu: jefa busasshen ɓarɓashi a kofin gilas mai ruwan sama, kada ka motsa. Ƙasa mai kyau za ta zube a gindin kofi ruwan ya zauna garau. In ruwan ya yi fari-fari ya ƙi kwantawa, wannan ƙasar narkewa take yi, ruwa zai huda ta ya yi rami a cikin bango. Kada a sa ta. Na uku, cika ramukan da ruwa sau biyu, ka auna saukarsa a kwana ɗaya bayan cikawa ta biyu. Ramin da ya shanye tas kafin gari ya waye ya ba ka amsa.

A yankin yashi mai zurfi irin na Dukku, Darazo, Alkaleri da Kirfi wannan gwajin ne ke yanke hukunci, don wurare da yawa a can ba sa riƙe ruwa sai an dace da kwari mai laka. A kudancin Gombe kuwa, wajejen Balanga da Deba, baƙar lakar nan ce mai tsagewa da rani har ƙafa ta shige. Tana riƙe ruwa sosai in tana jiƙe, amma ba a gina bango gaba ɗaya da ita. A sa ta a tsakiya kawai, a lulluɓe ta da jar ƙasa mai tsakuwa ta kowane gefe don kada ta bushe. Ƙasar suri ma a guje ta.

Maƙwabta da hukuma

Kafin katafila ta shigo, zauna da mai unguwa ko dagaci, da masu gonakin da ruwa zai taɓa a sama, da masu amfani da ƙoramar a ƙasa, da Arɗon Fulanin yankin. In akwai mashaya ko burtali a wurin, a fayyace tun yanzu inda dabbobi za su sha, da lokacin, da ko akwai kuɗi. A rubuta, kowa ya sa hannu, a kai wa hakimi kwafi. Fili naka ne, amma ranar da ya zama nan ne kaɗai ruwa ya rage a watan Afrilu, jama'a za su zo, da izininka ko babu. Gara ka tsara musu famfo a wajen shinge tun farko.

Ta fuskar doka, takardar mallakar fili a ƙauye tana fitowa ne daga ƙaramar hukuma a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ba mutum damar ɗibar ruwa don gida da dabbobi ba tare da biya ba, amma tare ruwa da adana shi magana ce ta izini, hukumar tarayya mai sa ido kan albarkatun ruwa, wato NIWRMC, ce ke ba da lasisin amfani da ruwa. Ka leƙa ma'aikatar ruwa da ta muhalli ta jiharka, da ofishin hukumar raya kogunan da ke kula da yankinka: Upper Benue ga Gombe da wani ɓangare na Bauchi, Haɗeja-Jama'are ga arewacin Bauchi. Ka kuma biya injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya zo ya duba wurin ya zana maka. 

Aikin ginin

Lokacinsa daga Nuwamba ne, ƙasa na da sauran danshi, a gama kafin ƙarshen Maris. Dam ɗin da ruwan farko ya tarar da shi rabi-da-rabi asara ne.

Da farko a kankare ƙasar sama a duk inda bango zai zauna, a cire saiwa, kututture da gidan gara, a tara baƙar ƙasar a gefe don za a bukace ta daga baya. Sai a haƙa dogon rami a tsakiyar layin bango, daga wannan tudu zuwa wancan, ya ɗan shiga cikin tudun ta kowane gefe. Faɗinsa ya isa rola ta shiga, kimanin mita 2.5 zuwa 3, zurfinsa kuma sai an ratsa yashi da tsakuwar gindin rafi an shiga ƙasa mai tauri da aƙalla rabin mita. A cika shi da mafi kyawun lakar da aka samu. A nan ne direba zai ce maka, “Alhaji, ai wannan ɓata mai ne, ƙasar nan da ƙarfinta.” Ka ce masa, “Malam, haƙa dai, ni zan biya.” Ba tare da ramin nan ba, ruwa zai bi ta tsohon yashin rafi ya fice ta ƙarƙashin bango, ka ga dam lafiya lau amma babu komai a ciki kafin Janairu.

Kafin bango ya tashi a shimfiɗa bututun fitar da ruwa, inci 3 ko 4, a cikin ƙasa mai tauri, ba a kan cikon ƙasa ba. A zuba masa kankare kewaye, ko a yi masa kwalar kankare, wato faffaɗan zobe da ya kewaye bututun, duk bayan mita 3, don ruwa yana son bin jikin bututu. Bakinsa na ciki a ɗaga shi kamar mita ɗaya daga ƙasa, a sa masa raga a kewaye shi da tsakuwa. A bakin waje a sa makulli a cikin akwatin bulo mai kwaɗo.

Yanzu sai tada bango, kuma nan ne ake cin amanar masu dam. Ana zuba ƙasa ne shimfiɗa-shimfiɗa, kowacce ba ta kai taƙi ɗaya ba, santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa da tanka, rola ta bi ta kai sau 6 zuwa 8, a ɗan karce saman kafin a zuba ta gaba don su kama juna. Rola mai haƙora ta fi dacewa da laka. In babu, tifa cike da ƙasa ko tarakta mai jan kaya ta yi ta kai-komo. Sarƙar katafila ba ta danne ƙasa, an yi ta ne don kada motar ta nutse. Gane daidai danshi yana hannunka: dunƙula ƙasar ka matse, ta riƙe siffar yatsunka ba tare da ta jiƙa maka tafi ba, in ka sake ta daga ƙugu ta fashe gida biyu ko uku. In ta watse gari, a ƙara ruwa. In ta manne a tayar rola, a bari ta sha iska. Ka tsaya a wurin da kanka ko ka ajiye wanda ba ya jin kunyar tsayar da aiki, don da zarar ka juya baya za a tura ƙasa mai kaurin mita guda a bi ta kai sau ɗaya, samanta ya yi sumul, cikinta kuwa garin tuwo.

Gefen da ke fuskantar ruwa ya kwanta sosai: duk tashin mita 1, a ja mita 3. Gefen baya mita 2 zuwa 2.5. Saman bango faɗin mita 3 aƙalla. Bango mai tsayin mita 5 ke nan gindinsa ya kai kusan mita 30, zai kuma ci ƙasa sama da kubik 3,000 in tsawonsa mita 90 ne. A ƙara kashi 10 cikin 100 a kan tsayin, musamman a tsakiya, saboda zai zauna. Ƙasar ginin a ɗebo ta daga cikin kwarin don a ƙara zurfi, amma a bar aƙalla mita 10 daga gindin bango, kuma kada a haƙe lakar har a buɗe yashin da ke ƙarƙashinta. A gindin bango ta baya a jera yashi, sai tsakuwa, sai duwatsu, don ɗan ruwan da zai tsattsafo ya fita ba tare da ya ja ƙasa ba.

Mafitar rarar ruwa

Bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa ko na awa ɗaya. Dole a yanka wa rarar ruwa hanya a gefe, a cikin tudun asali, ba a jikin cikon ba, ta zagaya ta sauka a rafi nesa da gindin bango. Ƙasanta ya kasance ƙasa da saman bango da mita 1 zuwa 1.5.

Dubi girman abin da za ta ɗauka. Ruwan milimita 60 a awa ɗaya a kan hekta 100, rabinsa ya gangaro dam na cike, kubik 8 ne a kowace daƙiƙa, ganga 40 kafin ka ƙifta ido. Don ya wuce da zurfin rabin mita sai mafitar ta kai faɗin kusan mita 14. Kwalbati biyu ko uku da wasu ke sakawa ba za su yi komai ba, kara da reshe ma za su toshe su. Wannan lissafin shi ne babban dalilin kiran injiniya. Bakin mafitar a daidaita shi da layin kankare ko dutse da siminti, in an dace da fa a wurin an huta, sauran kuma a shimfiɗa duwatsu a dasa ciyawa.

Bayan an gama, a mayar da baƙar ƙasar nan a kan bango, ruwan farko na sauka a dasa kiri-kiri. A saman kwari a dasa jema layi-layi, a jera duwatsu a ƙoramar wuri biyu ko uku su riƙa tare yashi. Itace kam ko ɗaya kada a bari a kan bango, ko dogon yaro ko turare, don saiwarsu hanya ce ga ruwa.

Yadda za a sha ruwan

A kewaye dam da waya ko shingen ƙaya. Dabbobi su sha a komi a ƙasan bango ta bututu, lambu ma daga nan, sau da yawa ba a ma bukatar inji. Kofato yana rusa gaɓa, kashi da fitsari suna ɓata ruwa, yara masu wanka kuma ga haɗarin nutsewa ga tsargiya, wadda dodon koɗin ruwan kwance ke yaɗawa.

Ruwan dam ba na sha ba ne kai tsaye, komai haskensa. Hanya mafi sauƙi ita ce a haƙa rijiya a ƙasan dam, nisan mita 30 ko fiye daga gindin bango, a sa mata kwalbati da murfi da famfon hannu ko na sola. Ƙasa ta riga ta tace ruwan da zai taru a ciki. In daga bututu za a ɗiba, a kwantar da shi da alam ko garin ƙwayar zogale, a tace, sannan a sa kulorin ko a tafasa. Kifi irin karfasa da tarwaɗa suna rage tsutsar sauro, ga kuma na miya, amma kada a zuba musu taki ko kashin kaji a dam ɗin da mutane ke sha. Masu feshi kuma kada su wanke kayansu a ko'ina a saman kwarin.

Kafa sanda mai alamar santimita a cikin ruwa, a riƙa rubuta matakinsa duk Juma'a. Zuwa Janairu za ka san ko ruwan zai kai lambu har ƙarshe ko a rage kadada a bar wa dabbobi.

Daminar farko da bayanta

Cikar farko ita ce jarrabawa. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi ka taka bangon daga wannan kai zuwa wancan, ka sauka ka bi gindinsa ta baya. Ɗan danshi ko tsattsafin ruwa garau ba abin tsoro ba ne. Tari shi a kofi ka ɗaga. In ka ga laka a ciki, ko yawansa na ƙaruwa kullum, bangon ne yake fita kaɗan-kaɗan. Buɗe bututu gaba ɗaya, a lulluɓe wurin da yashi, tsakuwa da duwatsu ba tare da an toshe shi ba, a sanar da mutanen da ke ƙasa, a kira injiniya ranar. Tsagewar da ta ratsa bango daga gefen ruwa zuwa baya ta fi wadda ta bi tsawonsa haɗari, a haƙe ta har ƙarshenta a sake cikawa da laka a daddanne. Ramin gafiya da gidan gara haka za a yi musu. Kacala in ta fara fitowa a tuge ta tun tana ƴar kaɗan.

Akwai kuskuren da masu dam ke yi a Satumba: su jera buhunan yashi a bakin mafita don a ƙara tara ruwa. Tazarar nan da suka cinye ita ce aka bar wa ruwan dare ɗaya mai ƙarfi, wanda kan zo a ƙarshen damina dam na cike. Mai son ƙarin ruwa ya jira Afrilu, lokacin da ya ja baya, ya kwashe lakar da ta taru a kai gona, taki ce mai kyau. Ana yin haka duk shekara biyu zuwa uku, a bar tazarar mita 10 daga gindin bango, a kuma tsaya da zarar an kai ƙasar asali.